Shekarun da Na Yi Ina Rataye Hoton Mai Gida a Alƙahira

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya dawo hutu daga Alƙahira, ya zo gaishe ni. Da muka gama gaisawa sai na tambaye shi Wustul Balad, tsakiyar birnin ke nan. Ya ce, "Kawu, ai ba za ka gane wurin ba. An fente gine-gine, an kori masu shimfiɗa kaya a bakin titi, ko'ina tsaf." Na kwatanta masa wani lungu a bayan shagunan 'yan canji, inda akwai tsohon garejin mota mai ƙofar ƙarfe. Ya ɗan yi tunani, ya ce ya san wurin, wayoyi ake sayarwa a ciki yanzu. Na ce, matasa har yanzu suna zane a bango? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko har yau ana tafiya Makka a kan raƙumi. Yaron ba shi da laifi. Garin da ya tarar ke nan, kuma ba wanda zai zaunar da shi ya gaya masa cewa an taɓa yin wani. Ni da furfura ta riga ta ci gemuna, na ga gara in faɗi abin da na gani tun ina iya tunawa.

A unguwar Ainu Shams muke zaune, mu 'yan Arewa da muka je karatu, saboda can haya ta fi sauƙi. Bayan sallar asuba in mutum ya ɗan koma barci, mai gas ne ke tashinsa, yana tura kekensa yana buga sifana a jikin tukunyar gas, ƙal, ƙal, ƙal, tun daga bakin layi. Bayansa mai sayen tsofaffin kaya, yana jan kiransa kamar mai ladanci. Matan saman bene ba sa saukowa, kwando suke zurowa da igiya, mai kayan miya ya zuba musu tumatir su ja abinsu. Aikin gida a tsakaninmu juyi ne. Wanda ya faɗo kansa zai bi layin burodinsu da suke kira aish, ya dawo ya baza shi a kan matakala ya sha iska, don in ka tara shi da zafi manne wa juna yake yi. Wani ya saɓo tukunyar gas har hawan da muke, ya iso yana haki muna yi masa sannu da dariya. Ranar Juma'a mukan tuƙa tuwo da garin alkama, a kaɗa kukar da wani ya ɓoyo a ƙasan jakarsa daga gida, warin daddawa ya cika bene har maƙwabta su leƙo suna tambayar abin da ya mutu. Yaran yanzu an ce da waya suke kiran abinci ya same su a ɗaki. Ban ce sun yi asara ba, amma ba su san sunan mai burodin layinsu ba, mu kuwa har ranar auren 'yarsa mun sani.

Tallafin karatu bai isa komai ba, kowa yana da 'yar dabararsa. Tawa ta zo a wata ahwa, irin gidajen shan shayin nan nasu da ake jera kujeru a bakin hanya. Masu shirya fim suna zuwa can neman mutanen da za su cika fage, waɗanda ke tsayawa a bayan jarumi ba su ce uffan ba. Wani dillali ya ganni, ya ce fuskata ta dace. Daga baya na gane abin da yake nufi. In ana neman baƙin mutum a fim ɗinsu, ɗayan uku ne: bawwab, wato mai gadin ƙofar bene, ko bara mai ɗauko tiren shayi, ko bawa mai yi wa sarki fifita a wasannin tarihi. Duk na yi su. Ni da nake rubuta kundin digiri na biyu a kan ilimin balaga, wato fasahar zancen Larabci, kalmar da aka taɓa ba ni in furta a gaban kyamara ita ce, "Hadir, ya basha," wato an gama, ranka ya daɗe.

Ta nan na san Baba Tela. Shi ke ɗinka kayan 'yan wasa, shagonsa yana hawa na sama a wani tsohon gini a unguwar Ataba, inda hayaniyar 'yan sari ke shigowa ta taga daga safe har yamma. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Nilu, suka zauna. Shi kuma ya gangaro Masar yana saurayi. Hausarsa irin ta mutanen da ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun daga bakin kakata. A shagon nan akwai kakin hafsoshi, da alkyabbar sarakuna, da jajayen huluna, da rawunan malamai, duk a rataye kafaɗa da kafaɗa. Ranar da na fara zuwa awo ya ji na yi bismilla da irin harshenmu, sai ya ajiye tef ya ce, "Kai ɗan wace ƙasa ne?" Tun daga ranar ban ƙara wucewa Ataba ban hau na gaishe shi ba.

Shi ya fara fahimtar da ni yadda ake wasa a ƙasar. Gidajen wasan kwaikwayo manya na gwamnati ne, ita ke biyan 'yan wasa albashi, ita ke ba marubuta lambar yabo, ita ce kuma ke karanta kowane wasa kafin ya hau dandamali. A fim ana zagin ɗan kasuwa azzalumi, ana yi wa ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci tsiya, wani lokaci har a taɓa minista, jama'a su yi dariya su koma gida zuciya ta yi sanyi. Amma hoton da ke rataye a bayan teburin ministan, wannan ba a ko ɗaga ido a kalle shi. Baba Tela yakan ce, allura a bakinsa, "A ƙasar nan, ɗana, an yarda ka yi dariya. Nuni da yatsa ne ba a yarda ba." Yana da wata kuma da ya aro daga Misirawa, imshi gambil heit, wato ka bi gefen bango ka wuce abinka. In na yi masa gardama sai ya nuna kayan da ke rataye ya ce, "Na ɗinka rigar sarki, na ɗinka rigar wanda ya kori sarkin. Awon cikinsu bai bambanta ba."

Sai ga shekarar da jama'a suka fito kan tituna suna neman shugaban ƙasa ya sauka. Mu baƙi an ce mu zauna a ɗaki, muka zauna, muna jin labari a talabijin ɗin mai shagon ƙasa, samarin layi suna gadin unguwa da sanduna da muciyoyin uwayensu. Da tsohon shugaban ya sauka, na shiga metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, na je Wustul Balad in gani da idona. Abin da ya fi tsaya mini shi ne warin fenti. Bangon da a da in ka daɗe jingine da shi sai an tambaye ka abin da kake jira, ga yara maza da mata a kan tsani suna zana fuskokin abokansu da aka kashe, manya-manya, uwayen mamatan suna tsaye a ƙasa suna cewa a gyara hanci, ba haka yake ba. Kowace kusurwa da mai ganga ko mai garaya irin tasu, kowa ya zama mawaƙi. Direban bas yana zagin hafsoshi da sunayensu, fasinja suna ƙara masa. Mutanen da suka shekara suna raɗa sun gano suna da murya, kuma ba su san yadda ake rage ta ba.

A cikin wannan yanayi wata mata ta hau shagon Baba Tela neman jallabiya da rawanin bawwab. Bamisiriya ce mai matsakaicin shekaru, gashinta ya fara fari ba ta rina shi ba, kowa Ustaza yake ce mata. Ta daɗe tana karɓar albashi a gidan wasan gwamnati a matsayin mai ba da umarni, amma aikinta shi ne ta sa hannu da safe, ta sha shayi, ta koma gida, don duk wasan da ta kawo sai a ce a jira. Tare da ita akwai wani saurayi siriri wanda sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Ni na sa masa Dogo, kuma sunan ya bi shi har Misirawan suka ɗauka. Harhaɗa magunguna ya karanta, amma rubutu ne a ransa. Baba Tela ya nuna ni ya ce ga wanda ya fi kowa sanin rigar. Ustaza ta dube ni ta ce, "Kana iya dogon zance da Larabci?"

Na ce, "Balaga nake karantawa."

Ta kwashe da dariya ta ce wa Dogo, "Ka ji ko? Shekara da shekaru suna ba shi tire."

Wasan da Dogo ya rubuta ba shi da wuyar ganewa. Wani tsohon bene ne, ruwa ba ya kaiwa hawan sama, lif, na'urar da ke hawa da mutane sama, ya lalace tun zamanin kakanni. Mai gida yana zaune a can ƙoli ba a ganinsa, hotonsa kawai ke rataye a zaure. Duk lokacin da aka yi sabon mai gida, bawwab zai hau kujera ya sauke tsohon hoto, ya goge ƙusa da hannun riga, ya rataye sabo, ya sauko ya dafa ƙirji ya ce, "Wannan shi ne wanda muke jira." 'Yan haya su yi guɗa, su koma ɗaukar ruwa a bokiti. A ƙarshe bawwab ya sauke hoto na ƙarshe, ya tsaya yana kallon ƙusar, sannan ya juyo ga 'yan kallo ya ce, "Wai shin benen nan na wane ne?" Shi ke nan, wasa ya ƙare. Hotunan ba su da fuska, Ustaza ta hana. Na farko baƙin gashi ne kawai wanda ya sha rini irin na tsohon shugaban, kuma da muka fara shi kaɗai ne, shi ake saukewa a sake ratayewa a matsayin sabo.

Ni na fito a bawwab. Mun yi wasan a bayan babbar mota a unguwannin talakawa, mun yi a filin makaranta, mun yi a garejin nan da wani mai son wasa ya ba mu aro, muka jera benci a ciki. Ni ke share wurin da yayyafa ruwa, Dogo yana haɗa wayoyin fitila yana shan shokin, Ustaza tana dafa shayi a kan risho tana yi mana faɗa. A wata unguwa, bayan an tashi, wani tsoho baƙi kamar ni, bawwab na gaske daga kudancin ƙasar, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ya ce tun yana yaro yake ganin irinsa a fim ana marinsu a ƙeya, yau ya ga ɗayansu ya tsaya a tsakiya ya yi tambaya.

Da aka yi zaɓe masu kishin addini suka hau, Dogo ya ƙara hoto na biyu, gemu ba fuska. A nan ne na fara samun matsala a ɗakinmu. Abokin zamana, mutumin kirki wanda muka yi hadda tare, ya zaunar da ni ya ce, "Akhi, ɗan'uwana, da can da kuke taɓa azzalumi ban ce komai ba. Yanzu mutanen masallaci kuke yi wa dariya, kai da Alƙur'ani a ƙirjinka?" Na ce masa ai bawwab ɗin ba gemu yake yi wa dariya ba, ruwa ne har yanzu bai hau sama ba. Bai gamsu ba, amma bai daina ajiye mini tuwona ba. Sau ɗaya wasu samari suka yanke mana wayar wuta ana tsakiyar wasa, muka ƙarasa da hasken wayoyin 'yan kallo. An kai ƙararmu wurare, an zage mu a wani mumbari. Duk da haka ƙofa a buɗe take, kuma wanda ya zage ka yau kana iya samunsa gobe a ahwa ku ci gaba da musu.

Sai damina irin tasu, wadda ba ruwa sai zafi, ta zo da sojoji, suka karɓe mulki. An zubar da jini mai yawa a garin, wannan ba ni zan ba da labarinsa ba, waɗanda suka rasa 'ya'ya sun fi ni haƙƙi. Abin da kunnena ya ji shi ne waƙa guda ta yabon soja tana tashi daga kowace bas, kowane shagon aski, har a gidan biki. Mawaƙan da muka sani a titunan Wustul Balad wasu suka bi sabon amshi, wasu suka yi shiru, wasu suka bar ƙasar. Masu kayan zaƙi suna buga hoton sabon mai ƙarfi a kan alewa. Ma'aikata suka zo da manyan burushi suka shafe fuskokin nan na bango da farin fenti, in rana ta haska kana iya hango idanun a ƙarƙashi, sai aka ƙara shafi na biyu. A metro mutane suka fara tambayata daga ina nake, me nake yi a ƙasarsu, don talabijin kullum maganar 'yan leƙen asiri yake yi. Dogo ya ƙara hoto na uku, hular soja. Ranar farko wata mata ta miƙe a cikin 'yan kallo ta ce mu maciya amana ne, kuma wasu suka tafa mata. Baba Tela ya ce mini, "Kiɗa ya sauya, ɗana. Ka kula da ƙafarka."

Wasan titi ya zama sai da izini, izinin kuma ba ya fitowa. Garejin kaɗai ya rage mana. Wata rana da hantsi muna gwaji sai ga wani dattijo cikin kwat mai ruwan toka, ya yi sallama, ya ce shi daga wurin masu tace wasanni yake. Na zaci zan ga mutum mai zare ido. Wannan kuwa ya karanta wasan kwaikwayo a jami'a, har ya san malaman Ustaza. Ya zauna ya kalli wasan daga farko har ƙarshe, ya sha shayinmu ya yaba. Sannan ya ce, "Wasan yana da kyau, shi ya sa na zo da kaina ban aiko yaro ba. Gyara kaɗan ne. Tambayar ƙarshen nan a cire ta, mutane sun gaji da tambayoyi. Mai gida na uku ya gyara lif. Bawwab ya rataye hotonsa ya yi masa maraba, a rufe a kan farin ciki."

Dogo ya ce, "To ai ya zama wani wasan."

Dattijon ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ɗana. Wasan da aka gani ya fi wanda ke cikin durowa." Da zai fita sai ya tsaya a gabana ya ce, "Kai ne bawwab. Masha Allah, Larabcinka ya fi na 'ya'yana. Iƙamarka ta karatu ce, ko?" Iƙama ita ce takardar izinin zama. Na ce e. Ya ce, "Karatu abu ne mai kyau. Allah ya sa a gama lafiya." Ya fita abinsa.

Dogo ya rantse gara a ƙone rubutun. Ustaza ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Za mu yi abin da ya ce, ba ƙari ba ragi. Lif zai yi aiki. Bawwab zai yi maraba da kalmomin da ya saba, da hannun da ya saba." Bayan an watse ta kira ni gefe ta ce, "Mu in an kama mu muna da uwaye da za su bi ofis-ofis suna kuka. Kai ba ka da kowa a nan. In ka ce a'a, wallahi ba wanda zai ga laifinka." Kundina ya kusa kammala a lokacin, kuma na bar mata da 'yar ƙaramar yarinya a gida suna jiran in dawo da takarda. Na hau wurin Baba Tela na same shi yana gugar kakin ɗan sanda, don a lokacin duk fim ɗin da ake yi na jaruman hafsoshi ne, aiki ya yi masa yawa. Na gaya masa komai. Ya ce, "Baƙo raɓa ne. Ba kai ka gina benen ba, ba kai za ka gaje shi ba." Ya ci gaba da guga. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Jallabiyar dai na wanke ta, tana bayan ƙofa." Na yi istihara, na kuma yi lissafi irin na ɗalibi: abin da hukuma ta ce a faɗa zan faɗa, wa zai kama mutum don ya yi yabo?

Bayan magariba aka fara. Garejin ya cika har ana tsaye a bakin ƙofa, dattijon yana benci na gaba, wasu mutum biyu da ba mu sani ba suna can baya ba su zauna ba. Na sauke hoton mai rini na rataye mai gemu, na dafa ƙirji na faɗi maganata, aka ɗan yi dariya a ɗarare. Da aka zo ƙarshe, ƙwan fitilar da Dogo ya maƙala a ƙofar lif ɗinmu ta kwali ya kama, alamar an gyara. Na hau kujera, na goge ƙusa da hannun riga, na rataye mai hula. Na sauko na dafa ƙirji na ce, "Wannan shi ne wanda muke jira."

Wurin ya yi tsit, har ina jin hon ɗin motoci daga babban titi. Sai wani a tsakiya ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Shi ke nan. Ban taɓa jin irin wannan dariya ba, kafin ranar ko bayanta. Mutane suna dukan cinya, suna riƙe da juna, wasu hawaye na zuba, kuma da ka dubi fuskokinsu ka san ba duka hawayen dariya ba ne. Ni kuwa ba ni da sauran magana, an cire ta, don haka na tsaya hannu a ƙirji ina kallonsu, tsayuwar kuma ta ƙara tunzura su. Na saci kallon dattijon. Ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa, kafaɗunsa suna rawa.

Ba a daɗe ba wasu ma'aikata suka zo suka ce garejin ba shi da abin kashe gobara, suka rufe ƙofar suka ɗiga mata jan kakin hatimi. Dogo kuma wata rana da la'asar aka kama shi a ahwa yana buga domino, aka ce yana yaɗa labaran ƙarya. Ba wanda ya ambaci wasan, ko a takarda ko a baki, har yau ban san ko shi ne dalili ko wani abin da ya rubuta ba. Ni da na je sabunta iƙama aka ce in dawo gobe, goben ta yi ta haihuwar gobe, daga ƙarshe wani hafsa ya miƙo mini fasfo ya ce in shirya kayana. Takardar da na je nema ban dawo da ita ba, sai daga baya na sake karatun a nan gida. Ustaza na ji ta koma sa hannu da shan shayi. Baba Tela ya rasu a kan kekensa na ɗinki. Dogo ya fito bayan shekaru, yana sayar da magani a wani kanti, ya yi aure. Mukan gaisa ta waya da salla, in na tambaye shi rubutu sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Kafin in baro ƙasar, mahaifiyar Dogo ta aiko tana neman wanda zai ɗaukar mata kaya zuwa gidan yari, don gwiwoyinta sun gaza kuma ba ta da wani ɗa namiji. Muka hau metro, muka sake bas, har bayan gari. A bakin ƙofar akwai dogon layi, kusan duk mata, kowace da ledojin abinci masu haske don masu bincike su ga abin da ke ciki. Ba inuwa. Sun saba da juna, suna ajiye wa juna wuri, suna ba sababbin zuwa shawarar abin da ake bari a shiga da shi. Wata ta tambayi Hajja, haka muke kiran uwar Dogo, abin da ɗanta ya yi. Ta ce, "Wasan ban dariya ya rubuta. Ga ma bawwab ɗin nan." Matan suka juyo suna dubana. Wata tsohuwa ta ce, "To yalla, nuna mana. Tun safe muke tsaye."

Na dubi sojojin da ke gadi, yara ne 'yan ƙauye, rana ta dafa su kamar yadda ta dafa mu. Na ari murfin tukunya a hannun wata, na mai da shi hoto. Da murya ƙasa-ƙasa na ba su labarin benen, na rataye murfin a iska na sauke, na rataye na sauke, ina dafa ƙirji. A karo na uku matan suka rufe baki da gefen mayafi, jikinsu yana girgiza. Sojan da ya fi kusa da mu ya juya fuskarsa ga bango.

Hajja ba ta yi dariya ba. Ashe ba ta taɓa ganin wasan ba, tsoro ya hana ta zuwa duk tsawon lokacin nan. Ta ce, "Shi ke nan duka?"

Na ce, "Akwai tambaya a ƙarshe, Hajja, amma an cire ta."

Ta ce, "Faɗa mini."

Na sunkuya na faɗa mata a kunne. Ta daɗe tana kallon ƙofar gidan yarin, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe yaron ya iya."

Aka kira layinsu. Ba a barin wanda ba dangi ba ya wuce shingen, don haka na rataya mata ledojin a hannu biyu, ta shiga tana jan ƙafa.